Sirka wa Jatan Lande Ruwa

Duk wanda ya ce ba a iya kiwon jatan lande a akwatin gilashi a Keffi saboda zafi, ya zo falona ya gani da idonsa. Suna nan jajaye, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, suna hayayyafa shekara da shekaru, alhali ba ni da na'urar sanyaya ɗaki, wutar ma sai ranar da ta ga dama. Baƙi kan tambaye ni wane littafi na karanta ko wane bidiyo na kalla a waya. Na karanta, na kalla, kuma da wannan ilimin nawa na kashe fiye da rabinsu a yini guda. Abin da ya raya sauran a wurin mahaifiyata na koye shi, ita da a lokacin ko ganinsu sosai ba ta iya yi.

Ba ni na je nemansu ba. Wata abokiyar aikina ce a ofishinmu na Abuja aka yi mata canjin wurin aiki zuwa kudu, ta rasa wanda za ta bar wa su. Ta zaɓe ni ne don ni kaɗai ce mai tunawa da ba furannin ofis ruwa. Ta nuna mini ɗan ma'aunin zafi da ke manne a jikin gilashin, ta ce in dai ruwan yana tsakanin ashirin da ashirin da takwas, ba su da matsala, in ya wuce talatin to in tashi tsaye. Iyakar karatun da ta ba ni ke nan. Na ɗauko su a kan cinyata cikin motar haya, muka yi awa uku a cunkoson Nyanya da Mararaba, direba yana leƙowa ta madubi yana tambaya ko na miya ne.

A shekarun nan rabin mutanen Keffi a Keffi suke kwana amma a kan titi gari ke waye musu. Filayen da muka san ana tsintar kaɗanya sun koma gidajen bulo, kowane gida da ma'aikacin Abuja a ciki. Ni ma ina cikinsu. Ina zaune a Angwan Iya, in fita da asuba, in dawo bayan magariba. Maigidana yana aiki a nesa, sai ƙarshen wata yake zuwa, yaranmu biyu kuma suna makarantar kwana. Gidan daga ni sai Mama.

Wata uku kafin zuwan jatan landen na ɗauko Mama daga ƙauyenmu da ke gaba da Garaku. Babanmu ya rasu, ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani, tana ganin mutum kamar inuwa. A ƙauye ita ce mai wankan jarirai. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibi, amma da zarar an haihu ita ake aika wa, ta zo ta ɗora ruwa, ta sirka, ta wanke jariri safe da yamma har sai uwarsa ta iya da kanta. Kirista da Musulmi duk ita suke kira, har Fulanin ruga sukan aiko a ɗauke ta a babur. Ba ta taɓa gwada ruwa da yatsa ba. Ta ce tafin hannu ya sha aiki har ya daina faɗin gaskiya, gwiwar hannu ce ba ta ƙarya.

Da ta zo gidana na hana ta komai, kuma a ganina ƙauna ce. Kada ta taɓa murhun gas, kada ta ɗauki bokiti, kada ta goge tayil santsi ya kayar da ita. Ranar da na dawo na tarar tana sharar tsakar gida tana lalube, na ƙwace tsintsiyar na jefa ta saman sif inda hannunta ba zai kai ba. Ni mutum ce mai saurin baki, na san halina. Na ce mata ta yi aikin da ya isa a duniya, yanzu ta zauna ta huta a ci a ba ta. Ta ce to. Ta zauna a kujerar roba kusa da taga tun daga safe har in dawo, rediyo yana magana ba ta saurare.

Wata rana muna cin tuwo ta ce mini bayan Ista za ta koma gida. Na ajiye cokali na lissafa mata abin da ke jiranta can: rufin da ke yoyo, rijiya mai gangara, ga ido babu, ga ba kowa a gidan sai kaji. Na ce wata rana za a buga mini waya a ce an tsamo ta a rijiya. Mama ba ta jayayya. Ta ce to, washegari kuma na ga ta fara ninke zannuwanta ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a jaka. Na ji tsoro ƙwarai, amma da yake tsorona da faɗa yake fitowa, faɗan kawai ta ji.

Jatan landen kuwa dariya suka ba ta. Ta kai fuskarta kusa da gilashin, ta ce tana ganin wasu jajayen ɗigo suna motsi. Da na gaya mata ko mene ne, sai ta ce ashe Madam Abuja ta kai matsayin ajiye kirafish mai rai a falo, in sun girma a faɗa mata ta daka su a miyar kuɓewa. Madam Abuja shi ne sunan da take tsokanata da shi in na cika iyayi. Na nuna mata ma'aunin, na yi mata bayanin lambobi, ta gyaɗa kai irin na wanda ake karanta wa wasiƙar da ba tasa ba.

Sai bazara ta shigo, irin ta Keffi, wadda ko bango ka jingina da shi sai ya ƙona ka. Ana cikin haka taransifomar unguwarmu ta ƙone, aka ce sai an haɗa kai an gyara, kowa kuma ya san me hakan ke nufi. Fanka ta tsaya, firij ya zama kabad. Ranar wata Asabar da azahar na duba ma'auni na ga talatin da biyu. Jatan landen sun bar ƙasa inda suka saba kiwo a kan ciyawar ruwa, sun taru a sama kusa da bakin gilashi, jan jikinsu ya koɗe, ba sa ko motsa ƙafa. Na tuna da maganar abokiyata ta in tashi tsaye, na kuwa tashi.

Na hau acaɓa zuwa Tudun Ƙofa, wurin wani mutum mai janareto da ke sayar da ƙanƙara. Na bi layi a bayan mata masu zoɓo da kunun aya, na sayi dunƙule biyu manya, na rungumo su a buhu suna ɗiga a jikina. A tsakar gida na sa taɓarya ina farfasawa. Mama ta ji ƙarar ta tambayi abin da nake yi, na gaya mata. Sai ta ce:

“Kada ki zuba musu haka. Ki sirka.”

Zafi ya ishe ni, ga gumi, ga tsoro. Na ce, “Mama, wannan ba wankan jego ba ne na ƙauye. Kimiyya ce, akwai lamba. Ki bar ni in yi abin da na sani.”

Ta ce to. Na kwashe ƙanƙarar na tsunduma a gilashin, na tsaya ina kallon ma'auni yana sauka kamar farashin tumatir a kaka. Kafin awa ɗaya ya dawo ashirin da biyu, daidai tsakiyar abin da aka ce. Har na ɗaga murya na karanto lambar don Mama ta ji. Jatan landen suka fara zagaya gilashin a guje, sama da ƙasa, ni kuma na ɗauka murna suke yi.

Kafin la'asar sakaliya na farko ya kwanta a gefe yana harba ƙafa. Kafin rana ta faɗi na tsame goma sha huɗu da cokalin shayi, na jera su a kan takarda. Wasu sun tsage ta baya, sun fara saɓa ba su ƙarasa ba. Ƙanƙara ta narke, ɗaki ya mayar da ruwan zafinsa, sai ya zama na jefa su sanyi na kuma jefa su zafi a yini ɗaya. Garin neman ƙiba na samo rama. Tara suka rage, a cikinsu akwai wata babba da ta shige ƙarƙashin ciyawa, cikinta cike da ƙananan ƙwai masu ruwan ɗorawa, tana ta kaɗa su da ƙafafunta. Mama ba ta ce ai na faɗa miki ba. Da ma ta ce, da na sami abin yin faɗa na huce.

Ranar Lahadi na je coci, ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Lissafina ɗaya ne: gobe Litinin zan fita da asuba, gilashin zai yini cikin wannan zafi, in dawo in tarar da gawa tara. Mutum ɗaya ne ke yini a gidan, kuma ita ce na ce ta bar ni in yi abin da na sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na dawo na durƙusa a gefen kujerarta, abin da na daɗe ban yi ba, na ce ta yi haƙuri da bakina, ta nuna mini yadda ake sirkawa. Na gaya mata akwai ɗaya mai ɗauke da ƙwai.

Wannan ne ya sa ta juyo. Ta ce, “Mai ciki ce?” Na ce e. Ta ce in kawo randa.

Ba ni da randa. Wa ke ajiye randa a gida mai tayil da firij? Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa wurin masu tukwane a kasuwa, ina riƙe da hannunta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da zobenta tana saurare, ta ƙi biyar, ta ɗauki ta shida, baƙa mai kaurin baki. Ta sa na sayi buhun algarara biyu da moɗa, ta kuma sa mai keken ya tsaya inda ake gini muka roƙi yashi rabin buhu. Duk wannan tafiya ban ji ta yi nishi ko sau ɗaya ba, ita da a gida tashi daga kujera sai na kama ta.

Abu na farko, ta ce a ɗauke gilashin daga bakin taga. Ta bi bangon gidan da tafin hannu har ta sami lungun da rana ba ta taɓawa, tsakanin falo da ɗakinta, inda iska ke ratsawa in an buɗe ƙofar baya. Nan muka zuba yashi a faranti babba, muka jiƙa shi, muka ɗora gilashin a kansa a ƙasa. Ta naɗe gefe uku da algarara a jiƙe, ta bar gaba a buɗe, ta cire murfin ta ce a rufa da tsohon gidan sauro don ruwan ya sha iska. Randar ma ta zauna a kan nata yashin, aka cika ta da ruwan rijiya aka bar shi ya kwana.

Sirkin kansa na gani da yammacin Litinin, da na dawo. Ta wanke hannu da ruwa zalla, ba sabulu. Ta naɗe hannun rigarta, ta tsoma gwiwar hannu a gilashin, ta ɗan jira, ta tsoma a randa, ta ɗan jira. Sannan ta ɗebi moɗa ɗaya daga gilashin ta zuba wa algarara, ta ɗebi rabin moɗa daga randa ta haɗa da rabi na gilashin, ta juya, ta gwada, ta tsiyaya shi a hankali ta bayan hannunta yana gangarawa ta jikin gilashi. Sai ta koma ta zauna. Ta ce sai an yi tsawon waƙar coci uku kafin a ƙara wata moɗar. Haka ta yini tana yi tun da rana ta ɗaga. Ta ce jariri yana iya jure ɗumi, yana iya jure sanyi, abin da ba ya jurewa shi ne a ba shi mamaki.

Ni dai ban daina duba ma'aunina ba, a ɓoye nake yi in ta shiga bayi. Ɗakin yana tafasa, amma ruwan bai wuce ashirin da bakwai zuwa da takwas ba, kuma bai taɓa tsalle ba. Wata rana na gwada ta, na tambaye ta yau ya ruwan yake. Ta tsoma gwiwa ta ce ya ɗan fi na jiya kaɗan, ba da yawa ba. Na leƙa, ya ƙaru da ɗaya. Tun daga ranar na daina gwada ta. Jan jikinsu ya dawo, suka koma ƙasa suna kiwo, ko ɗaya bai ƙara mutuwa ba.

Mama ma ta canza. Ina shigowa, kafin in ajiye jaka, za ta ba ni rahoto: algarara ta bushe sau huɗu, iska ta juya da azahar sai da ta buɗe ɗaya ƙofar, randa na neman ƙari. Sannan ta sa ni in durƙusa in duba mata mai ciki. In ce tana nan, ƙwan sun fara duhu, har ina ganin ɗigon ido a cikinsu. Ta ce to saura kaɗan. Ta koma cin tuwo da yawa, ta koma tsokanata, har ta kama rera waƙoƙin coci da yarenmu na Mada don auna lokacin moɗa. Amma jakar tana nan a ƙulle a bakin gadonta.

Ista ta zo. Ƙanena ya zo da mota daga Akwanga don ya kai ta gida kamar yadda ta sa shi alkawari. Ta sa ya ci abinci, sannan ta ce ya koma, ita ba ta taɓa barin mai ciki a kan gwiwa ta tafi ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. In an sauka lafiya za ta aika masa. Ƙanena ya dube ni, na kawar da kai. Daga ranar na shiga wani hali na ban dariya: da safe in yi addu'a ƙwan su ƙyanƙyashe lafiya, da yamma in yi fatan kada su yi sauri.

Ranar wata Laraba na durƙusa kamar kullum na ga cikin babbar ya zama wayam. Na ƙura ido a ciyawa, sai ga su, ƙanana kamar tsinin allura, farare fes, suna manne da ganye suna motsa baki. Na ƙirga har ashirin na ɓace. Daɗi ya cika ni har na buɗe baki, sai na tuna da jakar. Mama ta ce yaya mai ciki. Na yi gyaran murya na ce tana nan, da saura. Haka na ce ranar Alhamis, haka ranar Juma'a. Ni da nake taƙama ba na ɓoye magana, na kwana uku ina yi wa uwata ƙarya a kan kirafish.

Ranar Asabar da hantsi tana zaune a ƙasa tana sirki, ni ina tsaye a kanta. Ba ta ɗago ba ta ce:

“Yau kwanansu huɗu ko biyar?”

Na ce su wa. Ta ce mai ciki ba ta yawo, wannan jan ɗigon babba kuwa tun Laraba take zagaye gilashi kamar wadda ta sauke kaya. Ta ce ni kuma tun ina ƙarama ba na ƙarya sai na yi gyaran murya. Shi ya sa tun ranar ta rage moɗar zuwa rabi, ta kuma ɗaure mata ƙyalle a baki kada ta kwaso jarirai.

Na zauna a kan yashin nan a jiƙe da kayan jikina. Na ce huɗu ne. Na ce na ɓoye ne don na san in ta ji za ta aika wa ƙanena. Sannan na ƙarasa: “Ba don su ba ne, Mama. Ni ce ba na so ki tafi.”

Ta tsiyaye sauran ruwan ta bayan hannunta har ya ƙare, ta ajiye moɗar. Ta ce, “To ki faɗa mana. Wata nawa kina hana ni wuta, kina hana ni ruwa, kina hana ni shara. A garinmu in aka hana tsohuwa aiki, ana gaya mata ta kama hanya ne cikin mutunci. Na ɗauka haka kike nufi, na ce bari in tafi kafin ki gaji da kunya.”

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na yi kuka sosai, ita kuma ta bar ni na yi, ta ci gaba da matse algarara. Da na lafa sai ta ce ai haihuwa ba ita ce aikin ba, wankan ne aiki, kuma ba a barin jariri kafin arba'in. Na ce kafin arba'in ɗin wata za ta sake ɗaukar ƙwai, haka suke. Ta ce to ashe Madam Abuja ta samo mata aikin da ba ritaya.

Ta miƙe da kanta, ta dafa bango, ta taka yashin da ya watsu a kan tayil ta ji shi a tafin ƙafarta. Ta ce wannan lungun ya yi datti, ba a renon jarirai a cikin ƙazanta. Na shiga ɗaki na jawo kujera, na hau, na lalubo tsintsiyar a saman sif. Ta yi ƙura. Na kaɗe ta a jikin zanena, na kawo na sa mata a hannu.